Yadda na yi shekara biyu ina nema wa Autanmu makaranta tsakanin Kano da Jigawa

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma karatuna na boko bai wuce sakandare ba. Da mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ɗawainiyar ƙannena ta dawo kaina. Matan duk suna ɗakin mazajensu, saura Auta, wanda tun yana firamare Umma take kiransa Dokta. A 'yan watannin nan maƙwabta uku sun same ni har shago suna tambayata yadda na yi na sama masa makaranta, kamar wata hanya gare ni. Ba ni da kowa. Shekara guda cur muka zubar a kan abubuwan da, da mun tambayi wanda ya sani, kafin shayi ya huce ya gama yi mana bayani. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi daki-daki.

A watan Janairun 2023 aka fara sayar da fom ɗin JAMB, lokacin Auta yana ajin ƙarshe na sakandare. Duk wanda ya yi kasuwa a wannan lokacin bai manta ba: ana tsakiyar canjin kuɗi, takardar naira ta zama gwal, tiransifa kuma sai ta kwana ba ta shiga ba. Hankalina yana can, sai na tura masa kuɗi na ce ya je ya yi duk abin da ake yi. Ya nufi wani kafe a unguwarmu. Matakin farko shi ne ɗalibi ya tura lambarsa ta NIN ta saƙon waya zuwa 55019, a dawo masa da wata lamba wadda da ita zai sayi fom. Auta ba shi da waya, ni na hana shi riƙewa sai ya gama makaranta. Yaron kafen ya ce ai ba komai, ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani layi ya tura da shi. Imel ma shi ya buɗe masa, da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Daga nan Auta ya wuce cibiyar da ake ɗaukar hoton yatsu, ya zaɓi karatun likita a Jami'ar Bayero, ya ɗauki Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Guraben zaɓin makaranta huɗu ne a fom ɗin. Da aka tambaye shi sauran ukun, cewa ya yi a sa kowacce ma, shi dai BUK zai shiga.

Bayan ƙaramar Sallah ya zauna jarrabawa, tambaya 180 cikin awa biyu a gaban kwamfuta. Da sakamako ya fito sai aka ce da layin da aka yi rajista za a tura saƙo a gani. Muka koma kafe, aka ce yaron ya bar aiki, ya tafi Abuja. Kwana goma muna bin dangi da abokansa kafin muka samo lambarsa, ya turo mana makin da kalmar sirrin imel ɗin bayan na tura masa kuɗin kati. Auta ya ci 187 cikin 400. Da na ji a rediyo an ce 140 ne makin shiga jami'a a shekarar, har tsire na saya na kai gida. Umma ta yi ta sa albarka, maƙwabta suna shigowa yi wa Dokta barka.

Wanda ya fara farkar da ni wani malamin jami'a ne da ke sayen shadda a wurina. Na faɗa masa cikin fara'a, sai na ga ya ajiye yadin da yake dubawa ya nemi kujera. Ya ce 140 ɗin nan ƙasan tukunya ne, ma'ana ba a yarda wata jami'a ta sauko ƙasa da shi ba, amma kowacce tana da nata makin, kowane sashe kuma yana da nasa. A fannin likita, masu 250 ma ba duka ke samu ba. Na ce to ai mu 'yan Kano ne, an ce ana fifita ɗan gida. Ya yi murmushi ya ce haka ne, a jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na guraben na waɗanda suka fi maki ne daga ko'ina, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. "Amma Alhaji, ɗan Fagge da ɗan Gwale da ɗan Ringim duk 'yan gidan ne. Da su yake takara." Ya ba da shawara a canza kwas tun da wuri. Auta ya ce to a mayar da shi injiniya, sai ga wata sabuwa: injiniya sai wanda ya rubuta Lissafi a JAMB, shi kuwa Bayoloji ya rubuta a madadinsa. Abin da ya rage masa sai kwasa-kwasan da suka danganci Bayoloji, shi kuma ya ce ba ya so. Umma ta ce a bar shi a likitansa, Allah ne mai bayarwa. Ni ma na bi bayanta, don gaskiya zuciyata ba ta son jin wata magana.

A wannan tsakanin ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Wani aboki ya haɗa ni da wani mutum mai babbar riga da jaka a hammata, ya ce yana da gurbi a hannun wani babba, naira 60,000 ne. Na ba shi 40,000 kafin alƙalami. Wata biyu yana cewa jerin sunaye na gaba, na gaba, daga nan wayarsa ta daina shiga. Sai a watan Disamba, da malamin nan ya dawo shago, ya tambaye ni ko mun ɗora sakamakon NECO a shafin JAMB. Na ce wane ɗorawa? Lokacin rajista Auta bai rubuta NECO ba tukuna, don haka an rubuta masa yana jiran sakamako. Da ya fito wajen Oktoba, da kiredit bakwai har da Turanci da Lissafi, muka buga shi a takarda, Umma ta adana a cikin durowa ƙarƙashin atamfofinta. Ashe muddin ba a koma cibiya an ɗora shi ba, babu makarantar da za ta iya ba yaro gurbi, ko da 300 ya ci. Wato duk watannin nan da muke jira, sunansa ko layin bai shiga ba. Ranar na rufe shago tun kafin la'asar.

Ban yarda ya zauna a dakalin unguwa ba. Akwai maƙwabcinmu mai aikin wayarin da haɗa sola, na damƙa masa shi. Da farko yana tafiya yana kumbure-kumbure, amma kafin wata uku sai ga shi yana dawowa da guntayen waya a aljihu, yana ba ni labarin inbata da batir har in gaji. Ni kuma na ƙudurta cewa kafin a sake sayen wani fom sai na ga makarantun nan da idona, tunda gani ya kori ji. Malamin ya juya bayan rasit ɗin shagona ya jero mini sunaye har takardar ta cika, ya karɓi ta biyu. Wallahi a Kano aka haife ni, amma rabin sunayen ban taɓa sanin makarantun gaba da sakandare ba ne.

Fita uku muka yi ni da Auta, duk a ranakun aiki, ina barin yarona a shago. Ta farko cikin gari, a adaidaita sahu. Muka fara da sabon mazaunin BUK da ke titin Gwarzo, wanda girmansa kaɗai ya isa ya sa yaro ya ƙi kallon wata makaranta. Muka dawo ta tsohon mazaunin, muka leƙa kwalejin ilimi ta tarayya da ke Ƙofar Famfo, muka shiga Legal, wato kwalejin Aminu Kano ta shari'a da addinin Musulunci, muka wuce Gidan Ado Bayero a Ƙofar Nasarawa inda jami'ar jiha take da mazauni. Bayan azahar muka je makarantar fasaha ta Kano Poli da ke titin Matan Fada, muka rufe da Sa'adatu Rimi a titin Zariya. A nan zan ja hankalin mai nema game da sunaye, don suna rikita mutum a gaban kwamfuta. Jami'ar jihar da aka kafa a 2012 da sunan Northwest, an mayar da ita Yusuf Maitama Sule a 2017, kuma da wannan sunan muka same ta. Daga baya ta koma sunanta na farko, sunan Ɗan Masanin, wato Maitama Sule, kuma ya koma kan kwalejin Ƙofar Famfo da aka ɗaga zuwa jami'ar ilimi ta tarayya. Ita ma ta Wudil da kowa ya sani da KUST, yanzu sunan Aliko Ɗangote take amsawa. In ba ka lura ba sai ka zaɓi wata kana zaton wata ce.

Fita ta biyu muka ɗauki hanyar Wudil. Jami'ar kimiyya da fasaha ce tun 2001, kuma Auta ya daɗe a tsaye a gaban sashen injiniya yana kallon ɗalibai. A garin ne kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda take, ita ma digiri take bayarwa, sai dai ban da JAMB tana da nata fom da nata gwajin. Muka zarce Dutse, inda akwai jami'ar tarayya da aka buɗe a 2011 da kuma poli ta jihar Jigawa. Wani ɗalibi da muka ci abinci tare da shi a bakin ƙofa, ɗan Kurna ne, ya ce a ajinsu 'yan Kano sun yi yawa har ba ka jin kana baƙunta. Shi ya ƙara mana da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, da poli ta Binyaminu Usman a Haɗeja, da kwalejin ilimi ta Gumel, da sabuwar jami'ar fasaha ta tarayya a Ɓaɓura. Waɗannan ba mu samu zuwa ba, kuɗin mota ya yi tsada bayan cire tallafin mai. Fita ta uku hanyar Daura ce: kwalejin noma ta Audu Baƙo a Dambatta, sai Kazaure inda poli ta tarayya ta Hussaini Adamu take, ga kuma cibiyar koyon kwamfuta ta jihar Jigawa. Ta Bichi, kwalejin ilimi ta tarayya mai koyar da malaman fasaha, a wata tafiyar kasuwa na tsaya na leƙa ni kaɗai. Jami'o'in kuɗi irin su Skyline da Maryam Abacha da Al-Istiƙama ta Sumaila, tambayar kuɗinsu kawai na yi na san ba da ni ake ba. Su ma makarantun jinya da ungozoma da na tsafta, irin na Madobi da Dambatta da Birnin Kudu da Jahun, ban bi ta kansu sosai ba tunda yaron ya riga ya juya wa asibiti baya, amma mai 'ya mace ko ɗa mai son aikin lafiya ya sa su a lissafi tun farko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk yawon nan, wani dattijo ne da muka tarar a ɗakin gwaje-gwajen lantarki na ɗaya daga cikin poli ɗin. Sanye yake da shuɗiyar rigar aiki, yana kwance wata tsohuwar mota ta injin markaɗe yana nuna wa yara yadda ake naɗa waya. Auta ya matsa kusa, ya faɗi wani abu game da wani ɓangare na injin da ake kira kwandansa, dattijon ya ɗago ya dube shi ya ce, "Kai a ina ka koya?" Nan hira ta ɓarke, ni na koma ɗan kallo. Shi ya warware mini yadda tsanin yake. Ƙaramar difloma, ND, shekara biyu ce. Sai shekara guda ta sanin makamar aiki a kamfani ko wurin sana'a. Daga nan ko dai yaro ya dawo ya yi babbar difloma, HND, shekara biyu, ya tafi bautar ƙasa, ko kuma in sakamakonsa ya yi kyau ya sayi fom ɗin shiga jami'a kai tsaye ya fara daga aji biyu. Mai NCE ma, wato shaidar malanta ta kwalejin ilimi, bayan shekara uku, yana da wannan ƙofar, haka wanda ya yi IJMB, karatun share fagen shiga jami'a. Sai ya ƙara da abu biyu da ya ce in riƙe da kyau. Kafin in biya ko sisi a kowace makaranta, in tambaya ko NBTE, hukumar da ke kula da makarantun poli, ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba. Kuma kada a ruɗe ni da karatun yamma ko na ƙarshen mako don ya fi sauƙin samu, masu shi ba sa zuwa bautar ƙasa.

Da aka buɗe rajistar 2024 a tsakiyar Janairu, ni na riƙo hannunsa. Na saya masa layi da sunansa, aka haɗa da NIN ɗinsa, na sa a 'yar ƙaramar waya mai madannai. Imel shi ya buɗe da kansa, na rubuta kalmar sirrin a littafin bashi na shago. Ba mu bi ta kafe ba, kai tsaye muka je cibiyar da aka amince da ita. Mun isa bayan sallar asuba, muka tarar an riga an buɗe takardar layi, mu ne na 63. Rana ta take, intanet ya ɗauke, aka ce a dawo gobe. Washegari wajen sha ɗaya aka kira shi. Kuɗin fom ɗin kansa naira 3,500 ne a lokacin, da kuɗin cibiya da na littafi da sauransu ya haura 6,000. Ya ɗauki Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, ya sa injiniyan lantarki a Wudil a zaɓin farko don a faranta wa Umma, tunda ta ce in ba likita ba to aƙalla jami'a. A take na sa aka ɗora sakamakon NECO, na tsaya har aka buga mini shaida. Wajen ɗorawar ne matar da ke kan kwamfuta ta nuna mana cewa a NIN an rubuta Muhammad, a NECO kuma Mohammed, sannan sunan mahaifi da na kaka sun yi musayar wuri. Laifinmu ne, kowane fom wani daban ya cike masa. Ta ce mu je kotu mu yi takardar rantsuwa tun yanzu, don ranar tantancewa za a nema. Wuni guda ta ci mana. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma kuwa sai da muka koma garinmu: mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa, aka kai gidan hakimi, sannan sakatariya, inda muka yi zarya kwana uku saboda mai sa hannun ƙarshe yana wajen taro.

Azumin shekarar ya zo cikin tsananin zafi, ga rashin wuta. Auta ya tara 'yan kuɗin da maigidansa ke ba shi, ya sayi ƙaramin faifan sola na hannu da tsohon batir, ya haɗa wa Umma fanka da ƙwai biyu a ɗakinta. Ban ce wannan ne ya sauya mata ra'ayi ba, amma na lura daga lokacin in baƙi sun shigo takan nuna fankar kafin ta kawo musu ruwa. Ya rubuta jarrabawa a ƙarshen Afrilu, sakamako ya shigo 'yar wayarsa: 192. A shekarar, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai 200 ba, don haka ba a ce ya yi abin kunya ba. Na kai wa malamin nan. Ya ce da 192 neman injiniyan lantarki a jami'a caca ce, wataƙila a samu a jerin ƙarshe, wataƙila a'a, kuma kafin a gane poli sun rufe tantancewa. Su kuwa mafi ƙarancin makinsu 100 ne, zai shiga da ƙafar dama. Amma fa yawancin makarantu ba sa kallon wanda ya sa su a zaɓi na biyu ko na uku, sai ya mayar da su na farko. Da daddare na zaunar da Auta a gaban Umma. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni fa tun ranar da muka je wajen dattijon nan poli nake so." Umma ta yi shiru har na zaci kuka za ta yi. Can ta ce, "To Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Amma ni Dokta zan ci gaba da ce maka."

Canjin makaranta naira 2,500 ne a lokacin, a cibiya ake yi, da ɗan kuɗin aikinsu a kai. Ba zan faɗi wacce poli muka zaɓa ba, kada a ce talla nake. Sai da aka yi kusan mako kafin sunansa ya bayyana a wajensu, sannan muka sayi fom ɗin tantancewa, naira 2,000 da cajin banki, ta shafin biyan kuɗi na Remita. Daga nan sai jira. Duk Juma'a bayan masallaci Auta yakan buɗe shafinsa na CAPS a wayata, wato inda JAMB ke nuna ko an ba ka gurbi. Makonni yana nuna babu, sai wata rana ya nuna ana kan aiki, bayan kwana tara kuma ya nuna an ba shi. A nan ma akwai tarko: sai ɗalibi ya danna cewa ya karɓa, in ya yi sakaci gurbin na iya wucewa. Ya danna a gabana, muka je aka buga takardar gurbin ta JAMB da ainihin takardar sakamako mai hoto. Rajista a makarantar kwana huɗu ta ɗauke mu. Rana ta farko layin tantance takardu, inda aka nemi takardar kotun nan, na ji daɗin fito da ita daga fayil ba tare da gardama ba. Yaron da ke gabanmu a kan irin wannan matsalar aka mayar da shi gida. Ta biyu biyan kuɗi, shafin ya ƙi buɗewa sai dare. Ta uku asibitin makaranta da gwajin jini. Ta huɗu sa hannun sashe, da fayil huɗu, kowanne da kwafin komai da hoton fasfo. Hoto takwas muka zo da shi, sai da muka ƙara. Kuɗin makaranta da 'yan kunji-kunjinsa sun tasam ma naira 70,000, ban da ɗakin da suka kama su uku a bayan makaranta. Daga baya ya nemi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata.

Maƙwabtan da suka zo wurina, abin da na fara tambayar kowannensu shi ne layin wa za a yi rajista da shi. Ya zama na yaron ne, a adana shi kamar takardar gida, don har bayan ya gama makaranta ana iya nemansa. Sai na ce su ɗauko NIN da takardar haihuwa da fom ɗin NECO ko WAEC su jera a kan tabarma su duba harafi da harafi, tun yaro yana aji biyar. Kwas kuma a tsayar da shi kafin a zaɓi darussa huɗun, a kuma dubi ƙarfin yaron da gaske, ba sunan da ake kiransa da shi a gida ba. Duk wanda ya ce yana da gurbin sayarwa, a tambaye shi ko zai fito a CAPS. Gurbin da bai bi ta nan ba, ko yaro ya gama karatun, zai sha wuya wajen tafiya bautar ƙasa. Na kuma ce su ware kuɗin mota su kai yaran su ga makarantu uku ko huɗu, har da na Jigawa, don daga Kano zuwa Kazaure ko Dutse bai kai wahalar da muke zato ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi 'yarsa ko BUK ko aure. Na ba shi rasit ɗin nan guda biyu da malamin ya rubuta mini, na ce ya kai mata ta karanta, ya dawo mini da su.

Auta yanzu yana shekararsa ta biyu. Ranar Asabar yakan shigo gari ya bi maigidansa aiki, kuma maigidan ya riga ya ce a wurinsa zai yi shekarar sanin makamar aiki. Abin da muke ja a kai yanzu shi ne bayan nan: ni ina son ya nemi shiga Wudil daga aji biyu, shi kuma yana maganar HND da buɗe shagon kayan sola a Sabon Gari. 'Yar wayar mai madannai tana cikin durowar Umma, inda sakamakon NECO ya taɓa kwanciya, duk wata nakan sa mata katin naira 100 in yi kira ɗaya don kada a rufe layin.